Inda Muka Bar Baffa

Agege, Legas.
Afrilu, 2001.

Zuwa ga Yaya Idirisu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Shekara tara ke nan rabona da gida, tun ana cikin murnar an ba mu jiha an ce Dutse ce babban birni, kuma duk tsawon shekarun nan biro bai taɓa yi mini nauyi a hannu irin na yau ba. Ina gaishe ka gaisuwar ƙane ga wansa, da fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da duk wanda ke ƙarƙashinka a unguwar Limawa a Dutse. Ya haƙurinmu? Allah ya jiƙan Baffa, ya yafe masa kurakuransa, ya sanyaya makwancinsa, ya sa ciwon da ya sha ya zame masa kaffara. Allah ya ba Inna juriya, ya fitar da ita daga takaba lafiya. Mu nan da sauƙi. Mai ɗakina Zuwaira ta yi zazzaɓi bayan Sallah amma ta miƙe, Kamilu ya shiga aji uku, Ikilima kuwa ta fara tafiya, kullum sai ta bi bango ta je kan tabarmar da Baffa yake kwanciya ta tsaya tana waige-waige.

Saƙonka ya iso mini ta bakin direban tirelar da ya kawo mana shanu daga Maigatari. Bai rage mini komai ba, kuma na gode masa da bai rage ba. Ya ce ka ce a tambaye ni wane irin ɗa ne zai binne ubansa a hanya, maimakon ya ƙarasa gida a zauna makoki da shi sai ya juya kudu. Ya ce an yi sadakar uku an yi ta bakwai, mutanen Buji suna shigowa suna duba inda ya kamata a gan ni ba su gan ni ba. Ya ce Inna ita ba ta yi faɗa ba, abu biyu kawai take tambaya, ina aka kwantar da shi, kuma wa ya yi masa wanka. Yaya, kana da gaskiya. Kai Baffa ya haifa, ni riƙona ya yi bayan rasuwar mahaifina, ƙaninsa, amma bai taɓa raba mana kwano ba. Don haka zan faɗa maka yadda abin ya kasance daga farko har ƙarshe, har da wuraren da ba su yi mini kyau ba. Kai ka san abin da za ka karanta wa Inna da abin da za ka tsallake.

Ka san da ƙafarsa ya zo mini, aka yi masa aikin mafitsara, har ya fara zagaya tsakar gida da sanda. Daga baya ne ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Likita ya kira ni gefe ya ce abin da ya rage sai jinya, in da hali a mai da shi cikin danginsa. Ban faɗa wa Baffa ba, amma ka san shi, fuskata kawai ya kalla. Ya ce in tattara shi in mai da shi Buji tun yana numfashi, don shi bai yi shekara sittin yana bin shanu a tudu ba don a zo a binne shi a Ikko, garin da in an haƙa kabari ruwa ke tasowa ya tarye ka. Muka yi dariya, amma da gaske yake. Ya san mu ba ma yawo da gawa. Inda mutum ya faɗi nan ake yi masa sutura, ranar kuma ake yi. In yana so ya kwanta kusa da mahaifinsa, dole ya isa can da ransa. Ya kama hannuna da hannunsa mai lafiya ya sa na yi masa alkawari, na kuwa yi.

Ranar da muka yi waya ka ce in sa shi a babbar bas kafin Sallar layya, in bar maganar jirgin ƙasa don jirgi ya riga ya mutu a ƙasar nan, jana'izarsa ce kawai ba a yi ba. Ban bi maganarka ba, kuma dalilina biyu ne. Na farko, Baffa ba ya iya zama. Ko jingina shi muka yi da bango, kafin a gama ba shi koko ya zame. Mutumin da ke haka ba ka ɗora shi a kujera yini da kwana a kan ramukan hanya. Jirgin sama kuwa ka san ba namu ba ne. Dalili na biyu shi ne wanda nake jin kunyarsa. Kasuwar Sallah ita ce shekararmu a kara, inda muke cinikin shanu, abin da dillali irina bai samu a makonnin nan ba, ba zai ƙara ganinsa ba sai baɗi. Na ce bari in tsaya in yi kasuwar, in ya so mu tafi tare da shi, ni ma in shiga gida kamar mutum. Shekara tara, Yaya. Ban so in shigo Buji hannu na dukan cinya ba. Na sayi atamfa ta Inna da ta Yaya Hassana, na saya maka shadda, na sayi rediyo, da takalman yara, da sabulu, na cika jaka biyu da akwati. Makonnin da na kashe ina tara waɗannan abubuwa daga cikin kwanakin Baffa na cire su, ko da yake a lokacin ban lissafa haka ba.

Shi kansa Baffa jirgin yake so. Ka tuna yadda yake ba mu labarin samartakarsa, suna koro shanu a ƙafa har Ringim a loda su a tarago, su kwana biyu a hanya su sauke su a Ikko da ƙibarsu, ba karaya ba rauni. Yakan ce a lokacin mutanen ƙauyukan bakin layin dogo da kukan jirgi suke sanin lokacin ɗora tukunya. Da na gaya masa na kama mana wuri a taragon da ke da gado, fuskarsa ta washe. Ya ce wa Zuwaira ta dafa masa ƙwai da yawa, don matafiyin jirgi da ba shi da guzurin da zai miƙa wa maƙwabcinsa ba matafiyi ba ne, kaya ne.

Mun tashi daga tashar Ido da la'asar, jirgin da aka ce na safe ne. A ɗakinmu akwai wani dattijo mai fataucin goro, Malam Lado, mutumin Ringim, sai suka ƙulle da Baffa kamar sun shekara tare. Malam Lado yana tsokanarsa wai Bafulatani ko a gadon jinya yake in ya ji kukan saniya sai ya ɗaga kai, Baffa kuma da karkataccen bakinsa yana ramawa wai mai goro ba ya ba ka kyauta sai wanda tsutsa ta riga ta ɗanɗana. Tafiyar kuwa ba ta tafiya. Layin ɗaya ne tal, Yaya, duk faɗin ƙasar nan, mai hawa da mai gangarowa a kansa suke bi. In an ce wani jirgin yana tahowa, sai a ja mu gefe a wata tasha mu zauna jiransa, mu yi salla biyu a wurin bai zo ba. In mun tashi kuma, akwai wuraren da yaran ƙauye ke bin mu a ƙafa suna tallan ayaba ba tare da sun yi haki ba. Baffa ya ce wannan ba jirgin da ya sani ba ne, jikansa ne, kuma an ɓata shi. Duk da haka da muka zo haye kogin Kwara a Jebba ya sa muka tallafe shi ya leƙa taga. Ya daɗe yana kallon ruwan, sannan ya ce to alhamdu lillahi, an shigo ƙasarmu, ko iskar ma ta fara jin Hausa.

Ba mu yi nisa da nan ba sai kan jirgin, wato injin da ke jan mu, ya mutu, a wata 'yar tasha a ƙasar Nufe, rumfar kwano ɗaya da bishiyar mangwaro. Na rubuta maka sunan ƙauyen da na limaminsu a bayan takardar nan. Aka ce sai an aiko da wani kan daga gaba. Zan yi wa ma'aikatan adalci, ba su zauna ba. Na ga direban da idona a ƙarƙashin injin, baƙin mai har gira, mai kula da tashar kuma ya buɗe mana randar gidansa har ta ƙare. Da na matsa masa da tambaya ya ce mini kawunan jirgin da ke da rai a duk yankin ba su da yawa, wanda za a aiko mana sai ya sauke nasa kayan tukuna. Ga zafin bazara, tarago ya zama tanda. Na yi ta jiƙa rawani ina shafa wa Baffa. Na fita bakin titi, wanda ke da ɗan nisa, neman mota, amma duk wadda ta tsaya a cike take, kuma da sun ji mara lafiya ne a kwance sai su ja. Rana ta biyu da hantsi ya ce in juya shi ya fuskanci gabas. Na ɗauka gajiya ya yi da kwanciyar ɓari ɗaya. Ya tambaye ni ko an fara sharar gona a gida, na ce ai yanzu lokacinta ne. Ya yi kalmar shahada sau biyu a fili, ta ukun a leɓe. Ka gaya wa Inna bai wahala ba, kuma kansa a kan cinyata yake.

Abin da na yi bayan nan ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Zuwaira. Malam Lado yana waje a gindin mangwaro a lokacin. Na rufe wa Baffa ido, na ɗaure masa haɓa, na ja bargo na rufe shi, na zauna. A raina na ce in kan jirgin ya iso yau, gobe muna Kano, daga Kano in ɗauki shatar mota, in kai shi Buji in cika alkawari ko da rabi ne. Duk wanda ya leƙo na ce barci yake. Ni da na san hukunci, ni da Baffa ya kai makarantar allo da hannunsa, na zauna ina gadin gawarsa ina yi wa Musulmi ƙarya. Asirina bai daɗe ba. Tun daga Legas, duk lokacin salla nakan ɗauko ɗan dutsen da muke tafe da shi in yi wa Baffa taimama, ko barci yake sai ya sa an tashe shi. Da aka yi azahar Malam Lado ya shigo ya ga dutsen yana inda yake. Ya dubi bargon, ya dube ni. Bai ɗaga murya ba. Ya zauna kusa da ni ya yi salati, sannan ya ce mini ɗana, wannan bawan Allah ya riga ya sauka, mu ne muka rage a jirgi. Ya ce a wannan zafin, in na riƙe shi zuwa gobe, abin da zan kai Buji ba abin da matarsa za ta so ta tuna ba ne, kuma alkawarin da na ɗauka wa mai rai na ɗauka, mamaci haƙƙinsa daban. Sai a lokacin na yi kuka.

Mutanen ƙauyen nan, Yaya, ban san da bakin da zan gode musu ba. Yawancinsu Hausarsu ba ta wuce ta ciniki ba, amma da mai kula da tasha ya aika, kafin la'asar sun zo da makara. Limaminsu da Malam Lado suka yi masa wanka, ni ina zuba ruwa. Wani tela ya yanko likkafani daga farin yadin da wani ya kawo masa ɗinki, ya ce zai san yadda zai yi da mai shi. Fasinjoji suka fito aka yi sahu har uku, har waɗanda ba Musulmi ba suka tsaya daga gefe suka cire hula. Aka kai shi maƙabartarsu a kan tudu, ƙasa ja busasshiya, ba ruwa ko ɗigo. Wannan kam ya samu. Mun sa shi a lahadu ana jera itace sai muka ji kukan jirgi. Kan da aka yi kwana biyu ana jira ya iso. Fasinjojin da suka rako mu suka dubi juna, suka yi addu'a a tsaitsaye suka ruga, kuma ban ga laifinsu ba. Ni ba zan bar Baffa a buɗe ba. Malam Lado ma ya ƙi tafiya, ya ce goronsa ya fi shi sanin hanyar Kano. Kafin mu gama tura ƙasa mu dawo tasha, babu komai a kan layin sai ɓawon ayaba. Jakunkunan, da akwatin, da kayan Baffa, duk sun tafi Arewa ba mu. Daga baya Malam Lado ya aiko mini cewa ya tarar da huhunan goronsa, amma ɗakinmu ya same shi wayam.

Washegari muka fita bakin titi. Malam Lado ya tsai da motar Arewa, ya ce in shigo zai biya mini. Na sa ƙafa ɗaya, sai na hango kaina ina sauka a Buji. Ba Baffa, ba sandarsa, ba ko ƙyallen atamfa, da rigar da na yi kwana huɗu a ciki, yara sun rugo suna oyoyo suna duba hannuna, Inna ta fito tana duba bayana. Na janye ƙafata, na tsallaka titi na tsaya a ɓangaren masu zuwa kudu. Malam Lado ya leƙo ta taga ya ce mini tsaraba ba ta zaman makoki, mutum ake nema. Na ji shi sarai, na sunkuyar da kai har motar ta tashi. Wannan ita ce amsar tambayarka. Ba ni da wata.

Yanzu bari in faɗi wadda ta tsaya mini a wuya, tunda kai ma'aikaci ne, kana cikin masu rubuta wa manya takardun abin da jiha ke buƙata. Ka ce jirgi ya mutu, kuma abin da ya same mu kamar ya gaskata ka. Ni kuwa abin da na gani shi ne ba mutuwa ya yi ba, yunwa aka bar shi da ita. Ban ce jirgi ne ya kashe Baffa ba, kwanansa ne ya ƙare. Amma kwanan nan da ya ƙare, da a Buji ya ƙare. Na ji a rediyo akwai ƙasashen da jirginsu ke cinye nisan Legas zuwa Kano tsakanin asuba da azahar, layin zuwa daban na dawowa daban, ba mai jiran wani. Da na faɗa a kara aka yi mini dariya, wai mutanen da ba su ƙoshi da tuwo ba ina su ina jirgi mai gudun iska. Na ce musu ai mai kuɗi ba ruwansa da jirgin ƙasa, sama yake bi. Jinkiri talaka ne ke biyansa, da jikinsa yake biya. Kullum ni nake tsayawa a bayan tirela in an buɗe, in ga shanun da suka baro Maigatari da ƙiba sun iso a rame, wata ta karye, wata an tattake ta sai dai a sa mata wuƙa a nan take. Wannan asarar ta mutanenmu ce, ta masu kiwo a Garki da Buji, ba ta mahautan Legas ba. Riɗinku da geronku ma haka, rabin kuɗinsu a hanya yake ƙarewa. Titin da kuke gyarawa kuwa, manyan motocin da ke ɗauke da kayan da jirgi ya kamata ya ɗauka su ke farfasa shi kafin damina biyu.

Na san abin da za ka ce, kuma ba ƙarya ba ne. Kuɗin shimfiɗa sabon layi ba na jiha ba ne, kuma akwai ƙauyukan da rijiya suke nema ba tasha ba. Da ma akwai asibitin da zai iya aikin Baffa kusa da gida, da bai zo Legas ba sam. Duk na yarda. Amma ƙasa mai tsawon tamu, wadda rabin 'ya'yanta ke ci a wani gefe iyayensu na tsufa a ɗaya gefen, ba ta da abin da ya fi hanya. Mun ji an ƙaddamar da shari'a a Dutse bara, Baffa ya yi murna ƙwarai, yana cikin abin da yake so ya je ya gani. To ni a ɗan sanina, sauƙaƙa wa mutum ya isa ga iyayensa yana cikin haƙƙin da ke wuyan shugabanni. In an tambaye ku, ku rubuta. Ku ce a ninka layin, a sayo kawuna isassu, a kawo reshe har Dutse, in za a yi sabo kuma a yi mai gudu, kada a sake gina mana irin na zamanin kakanni. Ko ba mu hau ba, su Kamilu su hau.

Zan zo sadakar arba'in in Allah ya yarda. Zan biyo tirelar shanu in ta juyo wayam. Alfarma ɗaya nake roƙo, ka tare ni a tashar mota a Dutse mu shiga Buji tare, don in ni kaɗai ne ban amince da ƙafata ba. Ka gaishe mini da Inna, ka ce ɗanta yana neman gafara, sauran maganar sai na durƙusa a gabanta. Ka gaishe da Yaya Hassana da maigidanta, da Goggo Larai, da Maijidda da yaranku, Fahad da Nana Aisha, waɗanda ban sani ba sai a suna. Ka gaya musu tun yanzu kawunsu ba ya tafe da komai, kada su rugo.

Abin da na tsira da shi ga shi, don ka sani kafin in iso. Hular Baffa ɗaya. Carbinsa. Zoben azurfarsa da liman ya zare ya ba ni. Tikitinmu biyu, Legas zuwa Kano. Sai kuɗin abinci a hanya, na zuwa kawai.

Ƙaninka,
Uwaisu.